Tarihin Jinkirin Lokaci: Daga Jirgin Ruwan Galileo Zuwa Agogon Tauraron Ɗan'adam

Jinkirin lokaci shi ne sunan da masana kimiyyar fiziya suka ba bambancin da ke shiga tsakanin agogo biyu masu inganci iri ɗaya idan ɗaya yana tafiya dangane da ɗayan. Duk wanda ya auna agogon da ke wuce shi a guje zai tarar yana bugawa a hankali fiye da nasa, alhali babu abin da ya lalace a cikinsa. Zancen ba ya tsayuwa sai an faɗi daga ina aka yi awon. Wannan wurin, haɗe da ma'aunan tsawonsa da agogunansa, shi ne mazaunin awo. Tashar jirgin ƙasa mazauni ce, taragon da ke wucewa ma mazauni ne. An kwashe shekara fiye da 270 kafin a fahimci abin da wannan ke nufi ga lokaci, sannan aka ƙara shekara 33 kafin a iya gwada shi a ɗakin bincike.

1632 zuwa 1687: Jirgin ruwa da agogon duniya

Labarin da ya fi yaɗuwa game da Galileo Galilei shi ne wai ya hau hasumiyar Pisa ya saki abubuwa biyu, mai nauyi da marar nauyi, suka faɗo tare. Almajirinsa Vincenzo Viviani ne ya ba da wannan labari bayan rasuwar malamin, kuma babu shi a rubuce-rubucen Galileo. Abin da ke rubuce yana cikin littafinsa na 1632, inda ya kare ra'ayin cewa duniya ce ke kewaya rana. Masu ja da shi suna cewa da duniya tana gudu, da mutane sun ji a jikinsu. Sai ya kawo misali: mutum ya shiga ɗakin da ke can cikin babban jirgin ruwa, da ƙudaje da malam-buɗe-littafi, da kifaye a cikin kwano, da kwalba mai ɗigar da ruwa a cikin tulu. Muddin jirgin yana tafiya miƙe da gudu ɗaya, ba ya tangaɗi, ƙwarin za su tashi yadda suka saba, ɗigon kuma zai faɗa bakin tulun daidai. Babu gwajin da zai yi a cikin ɗakin ya gane ko jirgin yana tafiya ko yana tsaye. Littafin ya jawo masa shari'a a gaban kotun cocin Katolika a 1633, aka tsare shi a gida har ya rasu a 1642.

Isaac Newton ya karɓi wannan ƙa'ida a babban littafinsa na 1687, amma ya kafa ta a kan wani ginshiƙi: lokaci guda ne tak, yana gudana bai ɗaya a ko'ina, ba ruwansa da abin da ke motsi ko tsaye. Daga nan lissafin gudu ya zama tarawa da ɗebewa kawai. Mutumin da ke takawa da gudun kilomita 5 a awa zuwa gaban jirgin da ke yin 20, wanda ke bakin gaɓa zai auna masa 25. Bajamushe Gottfried Leibniz ya ja da wannan lokaci na Newton a wasiƙun da suka yi musaya da Samuel Clarke a 1715 da 1716, yana cewa lokaci ba komai ba ne illa jerin faruwar abubuwa. Hujjarsa ta falsafa ce, shi kuwa lissafin Newton yana faɗin inda taurari za su kasance kuma a same su a can, don haka Newton ne ya yi rinjaye har ƙarni biyu.

1676 zuwa 1887: Haske ya ƙi bin lissafi

Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta a Kitab al-Manazir cewa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, ko da ido ba ya riskar hakan. Hujja ta awo ba ta samu ba sai 1676, lokacin da Ole Rømer, ɗan Denmak mai aiki a Paris, ya lura cewa husufin Io, ɗaya daga cikin watannin Mushtari, yana makara idan duniya ta yi nisa da Mushtari, yana kuma sammako idan ta matso. A 1849 Hippolyte Fizeau ya auna gudun haske a doron ƙasa, da wili mai haƙora da madubin da ya ajiye a nisan kilomita 8 da ɗoriya, ya samu adadin da ya ɗan haura kilomita 300,000 a sakan.

Matsalar ta kunno kai ne a 1865. James Clerk Maxwell, ɗan Sikotlan, ya haɗa dokokin lantarki da na maganaɗisu, sai lissafin ya fitar da igiyoyi masu tafiya da wani gudu ƙayyadadde, wanda ya zo daidai da gudun haske. Heinrich Hertz ya samar da irin waɗannan igiyoyi a ɗakin bincike wajen 1887, su ne igiyoyin rediyo na yau. To amma gudu dangane da me? Masanan zamanin suka ce dangane da eta, wani abu marar nauyi da ba a gani, wanda suka ɗauka ya cika sararin samaniya, haske yana bi ta cikinsa yadda sauti ke bi ta iska. In haka ne, akwai mazauni guda da ke tsaye na haƙiƙa, kuma mutumin da ke ɗakin jirgin Galileo zai iya gane gudunsa ta hanyar auna haske.

Albert Michelson ya gwada hakan a Potsdam a 1881, ya sake tare da Edward Morley a Cleveland ta Amurka a 1887. Duniya tana kewaya rana da gudun kusan kilomita 30 a sakan, saboda haka ya kamata hasken da ya bi hanyar tafiyarta ya dawo ya ɗan saɓa da wanda ya gitta ta. Suka raba haske gida biyu da madubai, suka ɗora na'urar a kan faffaɗan dutse mai yawo a kan zaiba domin a juya shi ba tare da girgiza ba. Saɓanin da suka zata bai bayyana ba.

1889 zuwa 1904: Lissafi ya riga ma'ana

George FitzGerald na Dublin a 1889, da Hendrik Lorentz na Leiden a 1892, kowa da kansa, suka kawo mafita: abin da ke ratsa eta yana ɗan tsukewa ta fuskar da ya nufa, gwargwadon da zai ɓoye saɓanin. A 1895 Lorentz ya ƙara wani abu da ya kira lokacin wuri, wato wani lokaci na daban da ake sa wa mazauni mai tafiya domin lissafin Maxwell ya daidaita. A wurinsa dabarar lissafi ce kawai, lokaci na gaskiya yana nan ga eta. Joseph Larmor a Kambirij ya lura a 1897 cewa ƙwayoyin lantarki masu kewaye a cikin abu mai gudu za su ɗauki lokaci mafi tsawo kafin su gama zagaye. Wannan ne kusan karon farko da jinkirin ya fito a takarda.

Henri Poincaré ya matso fiye da kowa. Yana cikin hukumar Faransa mai kula da awon layukan taswira, inda daidaita agogon gari da gari ta wayar tangaraho ya zama aikin yau da kullum. Zamani ne na jiragen ƙasa da jadawalinsu, kuma a 1884 aka yi taron Washington da ya zaɓi Greenwich a matsayin mafarin awo. A 1898 Poincaré ya rubuta cewa faɗin abubuwa biyu na nesa sun faru lokaci guda ya dogara ne da yarjejeniyar yadda za a auna. A 1900 ya nuna cewa lokacin wuri na Lorentz shi ne ainihin abin da matafiya za su samu idan suka daidaita agogunansu da saƙon haske. A 1904 Lorentz ya kusa kammala lissafin, Poincaré ya gyara shi a watan Yunin 1905, ya kuma sa masa sunan Lorentz. Duk da haka babu ɗayansu da ya saki eta. Lissafin yana hannunsu, sai dai sun ci gaba da ganin akwai lokaci na gaskiya da na bayyane.

1905: Bern

An haifi Albert Einstein a Ulm ta Jamus a 1879. Ana yawan cewa wai ya faɗi jarrabawar lissafi a makaranta, amma takardun sakamakonsa sun ƙaryata hakan. Ana kuma cewa wai tunanin ya zo masa ne a cikin taragon lantarki yana waiwayen hasumiyar agogon Bern. Wannan hikaya ce mai daɗin faɗi, ba ta da tushe tabbatacce. Abin da shi ya rubuta da tsufansa shi ne yana ɗan shekara 16 ya tambayi kansa me zai gani da zai bi haske da gudun haske. Abin da takardu suka tabbatar kuwa shi ne ya kama aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bern a Suwizalan a 1902, kuma mujallar Annalen der Physik ta karɓi maƙalarsa ranar 30 ga Yunin 1905, ta buga a watan Satumba. Babu jerin manazarta a cikinta, kuma mutum ɗaya ya gode wa, abokin aikinsa Michele Besso.

Ginshiƙai biyu ya kafa. Na farko ƙa'idar Galileo ce, amma ya faɗaɗa ta ta haɗa da lantarki da haske: dokokin halitta iri ɗaya ne a duk mazaunin da ke tafiya miƙe da gudu ɗaya. Na biyu, gudun haske a sarari ba ya dogara da motsin abin da ya fitar da shi. In an haɗa su, kowane mazauni zai auna wa haske gudu guda, ko yana binsa ko yana gujewa. A lissafin Newton wannan ba zai yiwu ba. Einstein ya ce kuskuren yana wurin da ba a taɓa tuhuma ba, wato kalmar "yanzu".

Misalin da ya kawo daga baya ya fi sauƙin bi. Aradu ta faɗa kan goshin jirgin ƙasa da kuma wutsiyarsa. Mutumin da ke tsaye a tasha daidai tsakiya ya ga walƙiyoyin biyu tare, ya ce lokaci guda suka faɗi. Fasinjan da ke tsakiyar jirgin yana tafiya ne wajen hasken gaba, don haka shi ya fara riskarsa. Tunda a mazauninsa nisan gaba da na baya ɗaya ne, gudun hasken ma ɗaya ne, dole ya yanke cewa ta gaba ce ta riga faɗuwa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Abubuwa biyu na nesa da suka faru tare a wani mazauni ba su faru tare a wani ba.

Jinkirin lokaci ya biyo baya kai tsaye. A 1909 Gilbert Lewis da Richard Tolman suka bayyana shi da agogon haske: madubai biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, haske yana kai-kawo tsakaninsu, kowace dawowa bugu ɗaya. Wanda ke riƙe da agogon yana ganin hasken yana hawa da sauka miƙe. Wanda agogon ke wucewa ta gabansa kuwa yana ganin hasken yana bin hanya a karkace, domin kafin ya kai madubin sama, madubin ya matsa gaba. Hanyar ta fi tsawo, gudun kuma bai ƙaru ba, saboda haka bugun ya fi daɗewa. Ƙa'idar Pythagoras kaɗai ta isa a fitar da adadin. In gudun agogon ya kai kashi 60 cikin 100 na gudun haske, duk sakan 4 nasa sakan 5 ne a waje. A kashi 87 lokacin yana ninkawa biyu, a kashi 99 ya ninka bakwai. Kuma ba agogon haske kaɗai ba, bugun zuciya da tsufan jiki duk haka, domin da wani agogo ya saɓa wa wani a cikin ɗakin, da matafiyin ya gane gudunsa, ƙa'idar Galileo ta rushe. A gudun yau da kullum abin ba ya taka kara ya karya: wanda ya shekara 80 a cikin jirgin sama mai yin kilomita 900 a awa, jinkirin da gudun zai jawo masa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba.

Akwai tuntuɓe ɗaya a maƙalar. Einstein ya ce agogon da ke kan layin tsakiyar duniya zai yi jinkiri a kan wanda ke ƙurewar arewa, saboda juyawar duniya. Daga baya aka gane cewa bambancin ƙarfin jan ƙasa yana share wannan jinkiri daidai wa daida ga agogunan da ke matakin teku. A 1905 bai riga ya san ƙarfin ja yana taɓa lokaci ba. Sai a 1907 ya hango hakan, ya kammala ƙa'idar dangantaka ta gama-gari a 1915, daga nan aka riƙa kiran ta farko ƙa'idar dangantaka ta musamman.

1908 zuwa 1922: Tagwaye da gardama

Max Planck ne babban masani na farko da ya rungumi ƙa'idar. Sannan Hermann Minkowski, wanda ya koyar da Einstein lissafi a Zurich, ya gabatar da lacca a Cologne a watan Satumbar 1908, ya haɗa wuri da lokaci suka zama shimfiɗa ɗaya mai fuska huɗu. A cikinta kowane abu yana da hanyarsa, kuma lokacin da agogo ya nuna shi ne tsawon hanyar da ya bi, tsawon da duk mazaunai suka yarda da shi. Minkowski ya rasu a watan Janairun 1909.

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce ta juna: in kowane ɗaya yana auna agogon ɗan'uwansa a matsayin mai jinkiri, wa ke da gaskiya idan sun haɗu? Paul Langevin ya kawo ta fili a Bologna a 1911, da misalin matafiyin da ya yi shekara 2 a hanya ya dawo ya tarar duniya ta yi 200. Daga baya aka mayar da misalin na tagwaye. A ce Hassan ya zauna a gida, Husaini ya nufi tauraron da haske ke kai wa a shekara 4, da gudun kashi 80 cikin 100 na haske. A awon Hassan tafiyar shekara 5 ce, dawowa 5, jimla 10. A mazaunin Husaini tazarar ta tsuke ta koma ta shekara 2.4, ya ci ta a shekara 3, ya dawo a 3, jimla 6. Husaini ne zai dawo da ƙuruciya, kuma babu tufka da warwara a ciki, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Hassan mazauni ɗaya ya riƙe daga farko har ƙarshe. Husaini ya ci birki ya juya, ya bar mazaunin tafiya ya shiga na dawowa, kuma abin da ake kira "yanzu" a gida ba ɗaya ba ne a mazaunan biyu. Max von Laue ya fayyace wannan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Gardamar ba ta mutu ba. Ranar 6 ga Afrilun 1922 masanin falsafa Henri Bergson ya fuskanci Einstein a Paris, yana cewa lokacin da ɗan'adam ke rayuwa a ciki ba abin da agogo zai ƙare bayaninsa ba ne. A wannan shekarar aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921, amma saboda aikinsa kan yadda haske ke fizgo ƙwayoyin lantarki daga ƙarfe, ba saboda dangantaka ba. Herbert Dingle na Ingila ya ci gaba da jayayya kan tagwayen daga 1956 har littafinsa na 1972.

1938 zuwa 1977: Awo ya iso

Gwajin farko ya fito ne daga hannun mai adawa. Herbert Ives na ɗakunan binciken Bell a Amurka bai yarda da Einstein ba, yana bayan eta da Lorentz. A 1938 shi da G. R. Stilwell suka auna hasken da ƙwayoyin haidurojin masu gudu ke fitarwa ta gaba da ta baya, suka samu jinkirin kamar yadda lissafi ya faɗa. Ives ya fassara sakamakon a matsayin nasarar Lorentz, har ya rasu bai sauya ba.

Hujja mafi bayyana ta zo daga sama. Miyon ƙwaya ce da aka gano a 1936, tana samuwa ne idan ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya suka daki iska a tsayin kusan kilomita 15. Matsakaicin ranta kashi 2.2 ne cikin miliyan na sakan, wanda ko da gudun haske ba zai kai ta fiye da mita 660 ba. Amma ga ta nan tana isowa ƙasa da yawa. Bruno Rossi da David Hall suka kwatanta adadinta a tsaunukan Colorado da na birnin Denver, suka buga sakamakon a 1941. David Frisch da James Smith suka maimaita a farkon shekarun 1960: a saman Dutsen Washington suka ƙirga wajen 563 a awa, a kusa da matakin teku, mita 1,900 ƙasa da can, suka samu 412. Ba don jinkiri ba da 27 kacal za su rage. A mazaunin ƙasa, agogon miyon ne ya yi jinkiri kusan ninki tara. A mazaunin miyon kuwa ranta bai ƙaru ba, dutsen ne ya gajarce ya koma mita 200 da 'yan kai. Bayanai biyu ne, ƙirga ɗaya. A 1977 cibiyar CERN da ke Geneva ta sa miyon kewaya zobe da gudun kashi 99.94 cikin 100 na haske, ranta ya ninka sau 29.

Agogon da za a iya ɗauka a hannu ya biyo baya. Louis Essen ya ƙera ingantaccen agogon ƙwayar sisiyam na farko a Ingila a 1955, kuma a 1967 aka ayyana sakan da bugu 9,192,631,770 na wannan ƙwaya. Abin mamaki, Essen ma yana cikin masu sukar ƙa'idar. A watan Oktoban 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗauki irin waɗannan agoguna huɗu a jiragen fasinja, suka kewaya duniya ta gabas, suka sake ta yamma, sannan suka kwatanta da agogunan cibiyar sojan ruwan Amurka da ke Washington. A tafiyar gabas agogunan sun yi baya da kashi 59 cikin biliyan na sakan, a ta yamma suka yi gaba da 273. Dalilin saɓanin shi ne mazaunin da ya dace a yi lissafin da shi na tsakiyar duniya ne, wanda ba ya juyawa. A wurinsa agogon ƙasa ma yana gudu zuwa gabas. Jirgin da ya nufi gabas ya ƙara a kan wannan gudu, wanda ya nufi yamma ya rage. Tsayin da jirgin ya yi kuma yana sa agogo sauri a duka tafiyoyin biyu.

Daga 1978: Lissafin ya zama aikin injiniya

A 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin GPS. Taurarin suna tsayin kusan kilomita 20,200, suna gudun wajen kilomita 14,000 a awa. Gudun yana sa agogonsu ya yi baya da kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum, raunin jan ƙasa a can sama yana sa shi gaba da 45, ragowar 38. Haske yana cin kilomita 11 a wannan ɗan taƙi, shi ya sa ake rage saurin bugun agogon tun kafin a harba tauraron. A 1983 aka tsayar da gudun haske a kan mita 299,792,458 a sakan, aka mayar da shi ma'aunin da ake fitar da tsawon mita daga gare shi.

A 2010 masu bincike a cibiyar ma'aunai ta Amurka da ke Boulder, ƙarƙashin David Wineland, suka kwatanta agoguna biyu na ƙwayar alminiyam. Suka gano jinkirin lokaci a gudun da bai kai mita 10 a sakan ba, wato ƙasa da kilomita 36 a awa, suka kuma auna bambancin bugu bayan sun ɗaga agogo ɗaya sama da santimita 33.